Filin Tambaya da Amsa: Neman aikin hulɗa da jama'a da riƙon shafukan soshiyal midiya daga Sakkwato

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Saƙonnin da sunka shigo wanga mako kusan duka hanya guda sunka bi, wato neman aiki a kamfanonin hulɗa da jama'a da na masu riƙe ma mutane shafukan soshiyal midiya, shi ya sa na ce bari in haɗa su wuri guda. Kamar kullum na cire sunaye na bar unguwa kawai.

Tambaya daga wani matashi a Mabera:

"Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni dai aikin jarida na karanta, na gama HND na yi bautar ƙasa, yau shekara biyu ke nan ina ta aika CV ga kamfunnan Legas da Abuja da duk inda na ga an sa talla ga Jobberman ko LinkedIn, wallahi ko mutum guda bai taɓa kira na intabiyu ba, kuma kowace talla sai ka ga an ce sai mai ƙwarewar shekara biyu ko ukku, to Malam in ba a ɗauke ni ba ina za ni samo ƙwarewar? Mutane na ce min sai da hanya, in ba ka da kowa ka haƙura. Mi za ni yi?"

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya buɗa maka. Shekara biyu mutum na aika takarda ko "mun gani" ba a ce masa ba abu ne mai karya zuciya, kuma na san yadda zaman gida ke sa har gaisawa da maƙwabta ta zame ma mutum nauyi. Zancen hanya ba zan ce maka ƙarya ba ne, akwai shi, musamman a aikin gwamnati. Amma kamfani lissafinsa daban, shi mai kamfanin da kuɗin kwastoma yake biyan albashi, in ya ɗauko ɗan wane da bai iya rubuta sanarwa ba kwastoman zai kama gabansa ya bar shi da ɗan wanen, don haka wanda yake nema shi ne wanda za a miƙa ma aiki Litinin da safe ya kawo shi kafin azahar. To ta ina zai gane kai ne? Ni na sha zama gaban tarin takardun nan, kusan duk bakinsu ɗaya, kowa mai ƙwazo ne, kowa ya iya zama da jama'a, kowa ya iya kwamfuta. Abin da ido ke nema a ciki link ne guda da za a latsa a ga aikin da hannunka ya yi. Gani ya kori ji.

Ƙwarewar da kake tambayar inda za ka samo, tana nan cikin garin nan, ba sai wani ya ba ka takardar ɗaukar aiki ba. Ka shiga kasuwa ka nemi mutum guda mai kaya masu kyau amma shafinsa a mace, ko ma ba shi da shi sam, a ce baduku mai takalma da jakunkuna, tunda duniya ta san jar fatar Sakkwato, ko mai kilishi, ko mai shadda, ko makarantar kuɗi da ke unguwarku. Ka ce masa Alhaji ka ba ni wata uku in riƙe maka shafi, kai dai ka sa min data ka ba ni na kabu-kabu, in ka ga canji sai mu yi maganar kuɗi. Ranar da ka karɓa, kafin ka taɓa komai, ka ɗauki sikirinshot na yadda ka iske shafin, mabiya nawa ne, mutum nawa ke ganin abin da ake ɗorawa, saƙo nawa ke shigowa a sati, duk wannan Meta Business Suite na nuna shi kyauta ga shafin Facebook da Instagram. Sannan ka sayi ƙaramin littafi ka aje a shagon, duk wanda ya zo saye ko ya kira waya a tambaye shi ina ya ga kayan, in ya ce a waya ya gani a ja layi guda. Wanga littafi shi ne yawancin yaranmu ba su yi, kuma shi ne ke raba mai aiki da mai ɗora hotuna kawai. Ka je shagon da hantsi lokacin da haske ke da kyau, ka ɗauki hannun badukun yana huda fata da basilla, ka ɗauki yadda yake jan zare, ka sa ya faɗi da bakinsa kwana nawa takalmi ƙafa ɗaya ke ci masa, ka gyara bidiyon da manhajar CapCut, ka rubuta farashi a fili don mutane sun gaji da a ce su shigo ta bayan fage su ji kuɗi, kuma duk wanda ya yi tambaya ka amsa masa tun bai huce ba.

Bayan wata uku sai ka zauna ka rubuta shafi guda tal, ga yadda na iske shi, ga abin da na yi, ga abin da ya fito. A CV kuma maimakon "na iya soshiyal midiya" sai ka ce na riƙe shafin wani baduku wata uku, saƙon masu son saye ya tashi daga kaza zuwa kaza a sati, an aika kaya gari kaza da gari kaza, da lambobinka na gaskiya, kada ka ƙara ko ɗaya don ana iya ce maka buɗe mu gani. Ka yi irin haka wuri biyu ko uku, ka zuba a Google Drive, ka sa link ɗin a saman CV, kuma don Allah ka gwada shi a wayar wani ka tabbata yana buɗewa, ba wanda zai tsaya roƙonka izinin shiga.

Sai dai kai da ka karanta aikin jarida kada ka tsaya a bidiyo. Hulɗa da jama'a gininta rubutu ne da sanin mutane. Makarantar unguwarku in za ta yi bikin yaye ɗalibai ko saukar karatu, ka rubuta mata sanarwar manema labarai, ka taka da ƙafarka ka kai Rima Radio, ka kai Vision FM, ka kai Garkuwa FM, ka riƙa leƙa sakatariyar 'yan jarida har ka san wakilan jaridun da ke zaune a Sakkwato, wa ke ɗaukar labarin ilimi, wa ke ɗaukar na kasuwanci, in labarin ya fita ka aje shaida. Kamfanin Legas da kwastomansa ke da taro a nan, abin da ke hana shi barci shi ne wa zai tara masa 'yan jarida, wa ya san yadda ake shiga fada a yi gaisuwa, wa zai gaya masa ba a sa taro dab da sallar Juma'a ko dab da shan ruwa a watan azumi. In kai ke da wannan a hannu ka tashi daga mai roƙon aiki, ka koma mai kayan sayarwa.

Ga kuma Hausarka, kada ka raina ta. Kamfanonin waya da bankuna da masu POS da masu taki da maganin feshi duk suna son magana da Arewa, kuma kowa a cikinmu ya taɓa jin talla a rediyo da wata irin Hausa da sai ka tsaya tunani kafin ka gane mi ake nufi. Ka sa a kundinka talla guda da ka rubuta da Turanci mai tsabta, ka sake rubuta ta da Hausa mai daɗin ji, ka nuna ka san maganar da za a yi ma manomin albasa a Goronyo ba ita za a yi ma ɗalibar jami'a ba. Turancin ma sai ya tsaya da ƙafarsa, don rahoton da za ka riƙa aika ma ofis da shi za a rubuta.

Daga nan ka rage watsa CV ko'ina. Manyan kamfanonin irin su BHM da Mediacraft da CMC Connect da Chain Reactions a Legas suke, suna da ƙungiyarsu PRCAN, a Abuja kuma akwai PRNigeria mai cibiya har a Kano. Ka zaɓi kamar goma ka bi shafukansu ka ga su wa suke ma aiki, ka nemo mai kula da sashen a LinkedIn ka aika masa layi huɗu ko biyar, ni wane ne daga Sakkwato, ga abin da na yi, ga link, in kuna da aiki a Sakkwato ko Kebbi ko Zamfara ina nan. Ban da "ku taimaka min da kowane irin aiki". Kuma kada idonka ya rufe ga na nesa, nan gida akwai sashen yaɗa labarai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da jami'ar jiha, ga kamfanin siminti na BUA a Kalambaina, ga asibitoci da makarantu masu zaman kansu, gidajen rediyon ma duk suna da shafukan da sai an samu mai riƙewa.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Arkilla:

"Malam barka da aiki. Ni matar aure ce, ina riƙe ma mata ukku shafukansu na Instagram da TikTok, guda mai turaren wuta da humra, guda mai lesuka, guda mai kayan kicin, ni ka yin hoto ni ka yin rubutu ni ka amsa ma kwastomomi har tsakad dare, amma biyan sai yadda ta yiwu, wani wata a turo min data wani wata a ba ni turmin atamfa, in na yi magana a ce ai zumunci ne. Yanzu kuma wata ta zo tana son in tallata mata maganin mata da na rage ƙiba. Ina son aiki na gaske da kamfani amma maigida ba ya yarda in tahi Abuja ba. Akwai mafita?"

Amsa:

Ƙanwata, wanda kike yi ɗin nan shi ne aikin na gaske, a kamfani mutum biyu ko uku ake raba ma shi, mai hoto daban, mai rubutu daban, mai amsa saƙonni daban. Tsari ne kawai babu. Zumunci gaskiya ne kuma ba na son ki ɓata da kowa, amma ita mai lesukan in 'yar'uwarta ta zo saye ai faɗa mata farashi take yi. Ki zauna ki lissafa datar da kike ƙonawa a wata, da cajin waya, da kuɗin keke in za ki je ɗaukar hoto, da awa nawa kike zama a kai kullum, ki tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, sai ki auna ki ga ko abin da ake ba ki ya kama hanyar adalci. Sannan ki rubuta musu a WhatsApp cikin ladabi, Hajiya daga wata mai kamawa ga yadda za mu yi, hoto kaza da bidiyo kaza a sati, amsa saƙo daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, kuɗi kaza, rabi farkon wata rabi ƙarshe, in ta ce ta yarda ki aje saƙon. Wata za ta yi fushi ta tafi, ki bar ta da fatan alheri, wadda ta ga amfaninki za ta tsaya. Kuɗin da ake biyan Facebook ko Instagram don su tura talla gaba kuma na mai kaya ne, kada ya fito daga jakarki, kada kuma a lissafa shi cikin ladanki.

Wani abu da nake roƙonki, ki daina karɓar fasawod ɗin mutane in dai akwai yadda za a yi. A Facebook da Instagram mai shafi na iya ƙara ki a matsayin mai kula ta Meta Business Suite ba tare da ta ba ki sirrinta ba, ku kuma kunna tsaron nan mai mataki biyu, don ranar da 'yan kutse sunka sace shafin ke za a fara kallo. Kuɗin masu saye ma ya riƙa shiga asusun mai kaya kai tsaye.

Maganar mai magani kuwa, a nan ki taka a sannu. Duk abin da za a sha ko a shafa da sunan magani sai yana da rajistar NAFDAC, tallarsa ma sai da amincewarta, ga kuma hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar talla APCON, ita ke tantance talla kafin a sake ta, har da ta soshiyal midiya. Ko an aje maganar hukuma gefe, ki tuna da yarinyar da za ta sha abin saboda daɗin bakinki, ƙodarta ta taɓu. In babu lambar NAFDAC da za ki iya dubawa ki tabbatar, ki ce mata Allah ya ba da kasuwa amma ke ba ki ciki.

Aiki daga gida akwai shi, kamfanoni sun saba da shi tun zamanin korona a 2020, kuma rubutun Hausa da amsa saƙonni na cikin ayyukan da ba sai an zauna ofis ba. Abin da za su damu da shi wuta ne da sabis, ki tanadi fawa bank mai ƙarfi ko 'yar ƙaramar sola, da layi biyu na kamfani daban-daban, kuma in an ce a kawo aiki ƙarfe goma to goman. Ki nuna ma maigida takardar aikin da lokutansa tun farko, in akwai taron da sai an je da ƙafa ku san da shi tun kafin ki sa hannu. Ki haɗa kundinki kamar yadda na gaya ma ɗan'uwanmu na Mabera, ke kin ma riga shi don kina da wuri uku a hannu. In kwastomomi sunka ƙaru ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe asusun banki da sunan, makaranta ko asibiti sun fi sakin jiki su biya kamfani a kan su tura kuɗi asusun mutum.

Tambaya daga Gawon Nama:

"Malam ni gaskiya za ni faɗa maka, tun zaɓen 2023 nike yi ma wani ɗan siyasa aiki ga Facebook, ana ba mu na data duk wata, kuma mun zagi mutane ba kaɗan ba har da manya. Yanzu na gaji ina son aikin kamfani, amma ga 2027 ta matso an fara kiranmu. In goge shafina in buɗe sabo ko ya za ni yi?"

Amsa:

Na ji daɗin gaskiyar da ka faɗa ƙanena, ba kowa ke iya ta ba. Eh, ana dubawa. Kafin a kira ka intabiyu wani zai rubuta sunanka a Facebook da X da TikTok, kuma tambayar da mai kamfani zai yi ma kansa ita ce, in na ba wanga yaro shafin banki ko na asibiti, ranar da wani ya ɓata masa rai a kwamen mi zai rubuta? Don haka ka bi shafinka ka share zagi da ƙazafi da hotunan da anka haɗa don cin mutuncin wani, ba sai ka rufe shi gaba ɗaya ba, amma ka sani abin da mutane sunka riga sunka ɗauka a wayoyinsu yana nan. Wanda ka san ka yi ma ƙarya ka neme shi ka roƙi gafara, wannan tsakaninka da Allah ne tun kafin ya zama maganar aiki. Ga doka kuma, dokar laifukan intanet ta 2015 da anka yi ma gyara a 2024, da sashe na 24 nata ake kama mutane kan rubutun soshiyal midiya, kuma ranar da anka zo kamu da wuya ka ga wanda ya turo datar a ofishin 'yan sanda.

Ban ce aikin siyasa laifi ba ne. Tallata ɗan takara hulɗa da jama'a ce kamar kowace, akwai masu yin ta da mutunci, su rubuta jawabi, su tsara ziyara, su fito da ayyukan da anka yi da hoto da wuri da rana, in an yi suka su amsa da hujja. In za ka koma to da wanga sharaɗi, a rubuce, da albashi sananne, ka ce ba ka zagi kuma ba ka riƙe shafin bogi. In sun ƙi ka san abin da suke so da kai, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ka koya a can ba duka ne banza ba, kana da saurin rubutu, ka san lokacin da mutanen Sakkwato ke kan waya, ka san irin maganar da ke tashi da wadda ke mutuwa a wurin, ka kwashi wannan ka kai shagon wani ɗan kasuwa ko wata makaranta ka yi wata shida, shafinka ya cika da sabon aiki. In an tambaye ka a intabiyu kada ka ɓoye, ka ce na yi, ga dalilin da ya sa na bari, ga abin da nake yi yanzu.

Tambaya daga wani mai bautar ƙasa a Wamakko:

"Malam ni Tarihi na karanta amma ina sha'awar hulɗa da jama'a. An ce min dole sai da satifiket na NIPR, gaskiya ne?"

Amsa:

Gaskiya ne ƙanena. NIPR ita ce cibiyar ƙwararrun hulɗa da jama'a ta Najeriya, ta samo asali tun 1963, kuma doka mai lamba 16 ta 1990 ita ta ba ta ikon yi ma masu wanga aiki rajista, bisa dokar ba a yarda mutum ya yi aikin hulɗa da jama'a ba in ba shi da rajistarta. Shugabanta Dakta Ike Neliaku, wanda ya karɓa daga Malam Mukhtar Sirajo a 2023, yana yawan jaddada maganar. Wanda bai karanta fannin ba kamar kai akwai jarrabawar cibiyar da ake bi, tana da rassa a jihohi, ka nemi ofishinsu da kanka ka ji kuɗi da lokaci daga bakinsu. Kafin nan ga darussan kyauta a Meta Blueprint da Google Skillshop da HubSpot Academy, ka ɗauki ɗaya ko biyu ka gama su, ban da tara satifiket goma ba aiki ko guda. Shekarar nan ta bautar ƙasa ma dama ce, ka roƙi wurin da anka tura ka su bar maka shafinsu da rubuta labaran tarukansu, ka fita da shaidar aiki a hannu.

Tambaya daga Tambuwal:

"An turo min saƙo ga WhatsApp wai wani kamfani na Abuja ya ɗauke ni aikin soshiyal midiya daga gida, amma sai na tura dubu goma sha biyar na fom da horo. In tura?"

Amsa:

Kada ka tura ko sisi ɗan'uwa. Kamfanin gaske shi ke biyanka, ba ya karɓar kuɗin fom, kuma ba a ɗaukar mutum ba intabiyu ba a ga aikinsa ba. Haka masu cewa ka danna layik a bidiyo a biya ka, daga baya su ce ka zuba kuɗi don ka hau mataki, duk damfara ce. Kada ka ba kowa BVN ko NIN ko lambar da banki ke turowa a waya. Ka duba sunan kamfanin a shafin CAC, in akwai shi ka kira lambar da ke shafinsu na ainihi, don 'yan damfara na aron sunan kamfanin gaske.

Tambaya ta ƙarshe daga Runjin Sambo:

"Malam na yi shekara takwas ina jami'in sadarwa ga wata ƙungiya mai aikin lafiya, da anka yanke tallafin Amurka anka sallame mu. Yanzu wani kamfani na Abuja ya kira ni intabiyu ta Zoom, amma ina jin tsoro, yara ne cike da wurin, ni ban iya TikTok ba, kuma na san albashin bai kai wanda na saba ba. Ina da iyali."

Amsa:

Yayana, Allah ya mayar da alheri. Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje a Janairun 2025, har anka rufe hukumarta ta ba da tallafi USAID a watan Yuli, gidaje da yawa a Sakkwato da Kebbi sun ji a jikinsu, ba kai kaɗai ba ne. Amma kada ka shiga intabiyun nan da kai a ƙasa. Mutumin da ya zauna da hakimi da liman da ungozoma har uban da ya ƙi rigakafin shan inna ya fito da ɗansa da hannunsa, ya yi abin da ya fi sayar da sabulu wuya. Gyaran da za ka yi a baki ne, ka aje yaren rahoton masu ba da tallafi, ka yi maganar da ɗan kasuwa ke ganewa, su wa muke son su ji, mi munka gaya musu, ta wace hanya, nawa anka kashe, mi ya canza.

Da wuya su ƙi ba ka misalin rikici su ji yadda za ka yi. A ce bidiyo na yawo a WhatsApp wai abin shan kwastomansu ya kwantar da yaro a asibiti, mi za ka yi a awar farko? Ka ce zan fara tabbatar da abin da ya faru, wane yaro, wane asibiti, wane rukunin kaya, ba zan ƙaryata abin da ban bincika ba kuma ba zan bi ina goge kwamen ɗin mutane ba, zan fitar da gajeren bayani da Hausa da Turanci cewa mun ji, muna bincike, ga lambar da za a kira, ga lokacin da za mu dawo da bayani, mutum guda ne zai riƙa magana da yawun kamfani, wani kuma ya tafi ya duba yaron da iyayensa. Sannan ka ƙara abin da yaran kamfanin ba lallai su kawo ba, cewa a nan sai an yi bayanin da murya don da yawa saurare suke ba karatu ba, kuma sai an kai shi rediyo. Ka tuna musu a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, kuma an rufe Twitter a ƙasar baki ɗaya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wanda duk ya jingina ga waya kaɗai a lokacin bakinsa ya rufe, kai kuwa ka san hanyar rediyo da masallaci da mai shela.

TikTok kada ka ce ka iya in ba ka iya ba, ka buɗe shi yau ka zauna da ɗanka ko ƙanenka ya nuna maka, a intabiyu ka ce ina koyo kuma na iya tsara ma masu yin sa abin da za su faɗa. Wajen haɗa kundinka ka kiyaye hotunan yara da marasa lafiya da ka ɗauka a tsohon aiki, amana ce, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023, ka yi amfani da abin da ƙungiyar ta riga ta wallafa kawai. Albashi kuma mai yiwuwa ya gaza na da, ka bari su fara faɗa, sannan ka tambayi fansho da inshorar lafiya da kuɗin data da na tafiye-tafiye, da ko za ka iya zama Sakkwato ka riƙe musu wanga yanki, don hayar gida a Abuja kaɗai na iya cinye albashin, kuma duk abin da kunka yarda a kai ya shiga takarda. Kada ka daina duba ReliefWeb, shafin da ƙungiyoyin agaji ke sa tallar aiki, UNICEF na da ofis a garin nan, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ma na aiki a asibitin masu cutar noma mai cin fuska. Ranar intabiyun ka gwada Zoom ɗin awa guda kafin lokaci, ka zauna fuskarka na kallon taga, waya ta biyu na kusa da data a ciki, ka gaya ma mutanen gida a riƙe yara. In sunka ce kana da tambaya, ka tambaye su wane kwastoma za ka fara riƙewa da kuma wa za ka riƙa kai ma rahoto.

Masu tambaya kan gyaran bidiyo da irin wayar da ta dace a saya, ku yi haƙuri wuri ya ƙare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.